Saye ko haya? Yadda ake tafiyar da manyan kwamfutocin lissafi a gida da cikin gajimare

A Ingila akwai cibiyoyin hasashen yanayi guda biyu da duniya ta sallama musu. Akwai Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, mai hedikwata a Exeter. Akwai kuma ECMWF, wadda ƙasashen Turai suka yi karo-karo suka kafa a 1975, hedikwatarta na Reading. Sana'arsu ɗaya: su tattara ma'aunin iska da zafi da laima daga taurarin ɗan'adam da jiragen sama da na ruwa da tashoshin ƙasa, su ɗura wa katafariyar kwamfuta, ita kuma ta lissafo yadda gari zai wayi gobe da jibi da mako mai zuwa. To amma da lokacin sauya injuna ya yi, sai kowacce ta kama gabanta.

ECMWF ta kwashe kayan lissafinta zuwa Bologna a Italiya, cikin wata tsohuwar masana'antar taba da aka gyara mata, aka girka injunan kamfanin Atos masu ƙwayoyin lissafi kusan miliyan ɗaya, ta fara fitar da hasashe daga can a watan Oktoban 2022. Met Office kuwa a 2021 ta rattaba hannu da Microsoft kan kwangilar shekara goma, daga cikin fam biliyan 1.2 da gwamnatin Birtaniya ta ware, kuma a watan Mayun 2025 ta sanar cewa hasashenta yanzu daga Azure, dandalin hayar kwamfutoci na Microsoft, yake fitowa. Wato ta koma gajimare, inda ake hayar kwamfutocin wani kamfani ta intanet maimakon a ajiye su a gida.

Mai jin wannan zai iya cewa ɗaya ta ci gaba, ɗaya an bar ta a baya, ko kuwa ɗaya ta yi wayo, ɗaya an yi mata. Duk ba haka ba ne. Abu uku ke yanke hukunci a wannan harka: yadda guntayen aikin ke magana da juna, lokacin da aikin ke zuwa, da inda bayanansa suke jibge. Sai kuma abu na huɗu wanda ba a cika faɗa a tallan kamfanoni ba, shi ne layin jira, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar.

Da farko a cire tunanin cewa irin wannan kwamfuta wata ƙatuwar na'ura ce guda ɗaya. Dubban kwamfutoci ne aka jera a cikin kabet-kabet masu tsayin mutum, kowace da furosesocinta, kowane furosesa da ƙwayoyin lissafi gommai, sannan aka ɗaure su duka da wayoyi masu saurin gaske. Furosesan da ke ciki sau da yawa iri ɗaya ne da wanda ke cikin sabar banki. Gwanintar tana cikin wayoyin nan da kuma manhajar da ke raba aiki.

Dubi yadda ake hasashe. Ana yanka sararin samaniyar duniya gida-gida. A tsarin ECMWF faɗin kowane gida kimanin kilomita 9 ne, daga ƙasa zuwa can sama kuma hawa 137. Gidaje ɗaruruwan miliyoyi ke nan. Sai a raba su ga dubban ƙwayoyin lissafi, kowace da yankinta. Matsalar ita ce iska ba ta san iyaka ba. Hadarin da ya haɗu a yankin wannan ƙwaya, nan da jimawa kaɗan ya gangara yankin maƙwabciyarta. Saboda haka duk sanda lissafi ya matsa gaba da taki ɗaya, na 'yan mintuna, dole kowace ƙwaya ta dakata ta miƙa wa maƙwabtanta abin da ke bakin iyakarta, ta karɓi nasu, kafin a sake ɗaga ƙafa. Hasashen kwana 15 taki dubbai ne. Idan ƙwaya ɗaya cikin 10,000 ta makara, sauran 9,999 suna nan zaune suna jiranta, mita kuma na ta gudu.

Shi ya sa masu wannan aiki ba sa wasa da batun waya. Suna amfani da irin su InfiniBand ko Slingshot na kamfanin HPE, inda saƙo ke isa daga wannan inji zuwa wancan cikin kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na daƙiƙa. Hanyar sadarwa ta yau da kullum, irin wadda kamfanonin gajimare suka fara da ita, jinkirinta ya ninka haka sau gommai. Ga mai buɗe shafin intanet wannan ba ya ko ji a jikinsa. Ga aikin da ke musayar saƙo sau miliyoyi kuwa, shi ne bambancin gamawa kan lokaci da rashin gamawa. Kuma hasashe ba ya jira. ECMWF ba sau ɗaya take lissafa yanayin ba, tana gudanar da kwafi 51 a tare, kowane da ɗan sauyi a mafarinsa, don a ga iyakar inda abin zai iya karkata. Dole a kammala cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa a rana, kullum, ba Lahadi ba Kirsimeti. Hasashen ruwan gobe da ya iso jibi takarda ce kawai.

Akwai ma wata iyaka da Gene Amdahl ya nuna tun 1967, wadda kuɗi ba ya ɗage ta. Idan kashi 5 cikin ɗari na aiki dole a yi shi bi da bi, ba ya rabuwa, to ko ƙwayoyi miliyan ka zuba masa saurinsa ba zai wuce ninki 20 ba. Masu cewa "mu ƙara injuna kawai" sukan manta da wannan, a gida ne ko a gajimare.

Yanzu ga wani aikin mai siffa daban. A CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai da ke kusa da Geneva, ana karo da ƙwayoyin zarra a cikin ramin da kewayensa ya kai kilomita 27. Don masana su fahimci abin da na'urorinsu suka kama, sai sun kwaikwayi biliyoyin irin wannan karo a kwamfuta. Amma kowane karo zaman kansa yake yi. Na farko bai san da na biyu ba, ba ya jiran sa, ba ya aika masa da komai. Ka ba inji ɗaya dubu, ka ba wani inji da ke wata nahiya dubu, in sun gama a tara sakamako. In wani inji ya mutu a hanya, a sake ba wani rabonsa.

Irin wannan aiki da gajimare kamar an yi su don juna. A farkon 2016 cibiyar Fermilab ta Amurka, ƙarƙashin shirinta na HEPCloud, ta yi hayar ƙwayoyin lissafi kusan 58,000 a wurin Amazon don aikin CMS, ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen CERN, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta ɗauki kimanin 160,000 a wurin Google. A Nuwamban 2019 masu aiki da IceCube, na'urar da aka binne a cikin ƙanƙarar Kudancin duniya don farautar wasu ƙananan ƙwayoyin zarra da ake kira nutirino, suka tattara GPU, wato furosesoci na musamman masu yin dubban lissafi a tare, sama da 51,000 daga Amazon da Microsoft da Google a lokaci guda, suka yi aikin 'yan sa'o'i, suka sake su. Ba jami'ar da za ta sayi GPU dubu hamsin don aikin rabin yini. Nan ne haya ta fi saye nesa ba kusa ba.

Layi

Injin da aka saya a gida girmansa ƙayyadadde ne, masu buƙatarsa kuma kullum sun fi shi yawa. Don haka ba wanda ke zama a gabansa ya danna. Mai bincike yakan rubuta ɗan gajeren fayil, a samansa 'yan layuka masu farawa da #SBATCH, inda zai ce yana son injuna 64, na tsawon awa 12, a caji asusun sashensu. Ya buga umarnin sbatch don miƙa aikin, a ba shi lamba. Daga nan sai jira. Ya riƙa buga umarnin squeue yana leƙa layin: in ya ga PD a gaban lambarsa, yana layi; in ya ga R, aiki ya tashi. Wani ya jira minti biyar, wani kwana uku.

Manhajar da ke wannan rabo a yawancin manyan cibiyoyi ita ce Slurm, wadda aka fara rubutawa a ɗakin binciken Lawrence Livermore a farkon shekarun 2000. Akwai PBS da ta samo asali daga NASA, da LSF da ke hannun IBM, da HTCondor ta Jami'ar Wisconsin wadda masu ƙwayar zarra suka fi so. Dabara biyu ke riƙe da su duka. Ta farko rabon adalci: sashen da ya sha injin da yawa a 'yan kwanakin nan sai a rage masa fifiko, wanda bai taɓa ba a tura shi gaba, kuma tsohon amfani yana dusashewa a hankali. A Slurm, in ba a sauya saiti ba, nauyinsa na raguwa da rabi duk kwana bakwai.

Ta biyu ita ce cike gurbi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya kalli ɗan kamasho yana lodi ya san ta. Mota saura kujera ɗaya, na gaba a layi iyali ne mutum biyar. Ba zai bar kujerar ta tafi fanko ba. Sai ya ɗaga murya, "Saura mutum ɗaya!", wani da ke can baya shi kaɗai da jakarsa ya zo ya shige, iyalin kuma ba a taɓa musu motarsu ta gaba ba. Haka manhajar ke yi. Babban aiki mai buƙatar injuna 500 yana jira, an fara tara masa injunan da suka sauka, an lissafa ba zai samu cikon ba sai nan da awa uku. A wannan tsakanin sai a cusa ƙananan ayyukan da suka yi alkawarin gamawa kafin awa ukun.

Kalmar alkawari ce muhimmiya a nan. Aikin da ya wuce lokacin da ya nema, yanka shi ake yi ba sani ba sabo. Saboda tsoron haka, mai aikin awa biyu sai ya rubuta goma sha biyu, ya hana kansa shiga gurbin da zai ishe shi, ya dawo yana ƙorafin layi ba ya motsi. Rabin aikin masu kula da irin waɗannan injuna shi ne lallashin mutane su faɗi gaskiyar lokacin da suke buƙata.

Wannan layi da kowa ke tsinewa shi ne ke sa injin gida ya yi arha. Da yake kullum akwai mai jira, injin ba ya hutawa. Manyan cibiyoyi na kai wa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na amfani dare da rana. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta taɓa gwada wannan tambaya da gaske a shirin Magellan, a cibiyoyin bincikenta na Argonne da NERSC, kuma rahoton da ya fito a 2011 ya nuna cewa ga irin ayyukansu hayar gajimare ta fi tsada ninki-ninki, ayyuka masu yawan musayar saƙo kuma tafiyar hawainiya suke yi a can. Abubuwa da dama sun sauya tun lokacin. Microsoft ta sa InfiniBand a wasu injunanta, Amazon ta fito da tata hanyar mai suna EFA a 2019. Lissafin asali dai yana nan: kamfanin haya dole ya ajiye injuna fanko don mai zuwa ba zato, ya kuma ci riba, duk kuma a jikin mai haya ake fitar da su.

Sai dai masu kare injin gida su ma suna da ha'incinsu. Sukan kwatanta farashin gajimare da kuɗin sayen ƙarfe kawai, su yi shiru kan sauran. Kwamfutar Frontier ta ɗakin binciken Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, tana shan wuta kimanin megawat 21. Megawat ɗaya tak, in ya yi shekara yana ci a kan senti 10 kowane kilowat na awa, dala dubu 876 ne. Ga ruwan sanyaya, ga gini, ga albashin injiniyoyi da ake iya tasowa ƙarfe uku na dare. A jami'o'i da yawa wani ofishi daban ke biyan kuɗin wuta, don haka malamin da ke alfahari cewa injinsa kyauta yake aiki bai taɓa ganin takardar ba. Finland ta yi dabara da babban injin lissafi na LUMI: ta girka shi a tsohuwar masana'antar takarda a Kajaani, inda sanyi ke kyauta, zafin da yake fitarwa kuma ana tura shi ɗumama gidajen garin.

Ga kuma tsufa. Cheyenne, kwamfutar cibiyar binciken yanayi ta NCAR a jihar Wyoming, tana cikin ashirin mafiya ƙarfi a duniya a ƙarshen 2016. An kashe ta a ƙarshen 2023, a watan Mayun 2024 gwamnati ta yi gwanjonta a kan dala dubu 480 da 'yan kai, tare da gargaɗi ga mai saye cewa bututun sanyayarta na yoyon ruwa, kuma shi zai nemo masu kwashe ta. Shekara biyar zuwa bakwai, shi ke nan rayuwar irin wannan dukiya. Wanda ya saya a bana ya ɗaure kansa da fasahar bana har sai kwangila ta ƙare, mai haya kuwa sabon furosesa na fitowa zai iya hawa kai.

Inda bayanai suka kwanta

Abin da ya fi hana mutane motsi shi ne nauyin bayanai. Fetabayit ɗaya, wato gigabayit miliyan, in za a tura shi ta layin gigabit 10 da ba mai damun sa, sai ya haura kwana tara. Taskar ECMWF kuwa ɗaruruwan fetabayit ce. Masanan da suka ɗauki hoton farko na baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce masa, wanda aka nuna wa duniya a Afrilun 2019, sun tara kusan fetabayit biyar daga na'urorin hange takwas a 2017, kuma ba su ko gwada intanet ba. A akwatuna suka zuba faya-fayan ajiya, jirgi ya kai su Bonn da Massachusetts. Na tashar Kudancin duniya sai da suka yi watanni suna jira hunturu ya wuce jirage su dawo tashi. Ita kanta Amazon a 2016 ta fito da tirela sukutum mai ɗaukar fetabayit 100 don kwaso bayanan abokan cinikinta, kafin ta janye ta a 2024.

Shiga gajimare da bayanai kyauta ne. Fitowa ce ke da kuɗi. A farashin da Amazon ke wallafawa, ana farawa daga kusan senti 9 kan kowane gigabayit, yana raguwa in abin ya yi yawa, amma fitar da fetabayit ɗaya sai ya ci sama da dala dubu 50. A 2024, bayan matsin lambar dokar bayanai ta Tarayyar Turai, Google da Amazon da Microsoft sun yafe wannan kuɗi ga wanda zai tattara nasa ya bar su gaba ɗaya. Mai kai da komo kullum tsakanin gida da gajimare bai shiga wannan rangwame ba, alhali shi ne ainihin wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Don haka ƙa'idar masu aikin ita ce a kai lissafi inda bayanai suke. Aikin da shigarsa kaɗan, fitarsa kaɗan, lissafinsa mai yawa, shi ake fara turawa waje.

Yawancin cibiyoyi a yau sun tsaya a tsakiya. Injin gida na ɗaukar nauyin yau da kullum, in layi ya yi tsawo, misali gab da babban taro ko lokacin da ɗalibai ke rige-rigen gama digiri, sai a malala zuwa gajimare. Slurm ta iya wannan. Ana rubuta mata sunayen injunan da babu su a zahiri. In aiki ya faɗo layinsu, sai ta kira Amazon ko Microsoft a kunna su, su yi aiki, in suka zauna shiru na 'yan mintuna ta kashe su. AWS ParallelCluster ta Amazon da Azure CycleCloud ta Microsoft duk wannan hidimar suke sayarwa. A kan allo abin gwanin sha'awa.

A aikace kuwa akwai ƙaiƙayi. Manhajar da aka harhaɗa don furosesan gida ba lallai ta tashi a can ba, ko ta tashi ta ba da amsar da ta ɗan bambanta a can ƙarshen lambobi, abin da ke hana masanin kimiyya barci. Ana rage wannan da ƙunshe manhaja da duk tarkacenta a fayil guda, da irin su Apptainer, wadda aka fara da sunan Singularity a ɗakin binciken Berkeley. Masu aikin injiniya da manhajojin kasuwa irin su Ansys sukan tarar lasisinsu na da iyakar ƙwayoyi, ga injuna dubu a gabansu amma izinin ɗari biyu suke da shi. Mafi arhar haya kuma ita ce ta rarar injuna, wadda rangwamenta kan kai kashi 90 cikin ɗari, da sharaɗin za a iya ƙwace injin kowane lokaci. Amazon minti biyu take ba ka na gargaɗi. Ga aikin Fermilab wannan ba komai ba ne. Ga aikin da ke riƙe da injuna 500 a ɗaure da juna, ƙwace ɗaya rushe duka ne, sai fa in manhajar ta saba ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci don a ɗora daga nan.

Amma babban sauyin yana cikin halin mutane. A gida mai bincike da lokacinsa yake biya. In ya yi kuskure a fayil ɗinsa ya aika aiki dubu goma maimakon ɗari, iyakaci su tsaya a layi, fifikon sashensu ya faɗi, abokan aiki su harare shi. Layin ne birkinsa, kuma kasafin shekara ba ya motsi ko da kobo. A gajimare an cire birkin. Kuskuren nan ɗaya, in ba a sa shinge ba, injuna za a kunna masa har iyakar da asusun ya yarda, su kwana suna aiki Asabar da Lahadi, ranar Litinin a tarar da takardar kuɗi. Faifan ajiya mai sauri da aka manta ba a goge ba shi ma yana nan yana ci kowane wata. Saboda haka duk cibiyar da ta shiga gajimare da hankalinta, abin da take fara yi shi ne ta sake gina layin da hannunta: iyakar injuna ga kowane sashe, rufin kuɗi ga kowane aiki, alama a jikin kowane inji da ke nuna wa za a caja. Mai kula da injin, wanda a da aikinsa sauya faifan da ya ƙone ne, yanzu rabin yininsa akanta ne. Ni dai ban ga laifin hakan ba, domin karon farko ke nan da masu bincike da yawa ke ganin farashin tambayar da suke yi.

Idan aka koma kan Met Office da wannan ido, sai a ga gajimaren nata wani iri ne. Ba ta shiga kasuwar da kowa ke haya awa-awa ba. Injunan HPE Cray ne masu ƙwayoyi kimanin miliyan 1.8, aka girka mata ita kaɗai a cibiyoyin Microsoft da ke kudancin Ingila, aka raba su kashi huɗu don in wani ya faɗi wani ya ɗauka. Abin da ta sayar shi ne ciwon kan gini da wuta da gyara. Layi da fifiko da agogon hasashe suna hannunta. Ita ma ECMWF injunanta na Bologna a kan kwangilar 'yan shekaru suka zo daga Atos. Tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta kai yadda kanun labarai suka nuna ba. Zancen cewa gajimare ba ya iya babban lissafi kuwa ya mutu tun Nuwamban 2023, lokacin da Eagle ta Microsoft, wadda ke cikin Azure, ta zo ta uku a TOP500, jerin kwamfutoci mafiya ƙarfi a duniya.

A nahiyarmu lissafin na ɗaukar wani launi. Afirka ta Kudu na da babbar kwamfuta mai suna Lengau a Cape Town tun 2016, Maroko na da Toubkal a Jami'ar Mohammed VI da ke Benguerir. Da Jami'ar Texas ta yi ritayar injinta Ranger a 2013, an rarraba wasu kabet ɗinsa zuwa Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Botswana, ɗalibai suka koyi aiki a kansu. AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, masu fitar da hasashen damina ga yankin Sahel, suna ɗora aikinsu a kan sakamakon manyan cibiyoyin duniya irin su ECMWF. Jami'ar da ke Kano ko Zariya da ke tunanin sayen nata, tambayarta ta farko wuta ce, domin inji irin wannan ba ya son a ɗauke a kawo, kuma janareta da dizal suna iya cinye duk arhar da ake fata. In ta ce haya za ta yi, da dala ake biya. Wanda ya tsara kasafinsa a tsakiyar 2023 dala tana kusan naira 460, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500, ba tare da ya ƙara ko awa ɗaya ta lissafi ba. Manyan cibiyoyin Amazon da Microsoft da Google na nahiyar kuma a Afirka ta Kudu suke, don haka kai bayanai da dawo da su na bin igiyar ƙarƙashin teku. Ga mai buƙata jefi-jefi, haya da rufin kuɗi mai tsauri ta fi sauƙin kare kai a gaban majalisar jami'a. Ga mai aikin kullum, haɗa kai a yi inji ɗaya na ƙasa a inda wuta ke tsayawa ya fi kowane sashe ya ajiye ɗan nasa a ƙarƙashin tebur.

Sabon abin da ya shigo ya dagula duka ɓangarorin shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun ƙarshen 2022 kamfanoni ke wawason GPU na Nvidia, har masu kuɗi a hannu suka riƙa jiran watanni kafin a kawo musu. Jami'ar da ta yi oda ta shiga sahu bayan manyan kamfanoni. Wanda ya garzaya gajimare kuma ya tarar alkawarin nan na "danna ka samu" bai shafi irin waɗannan ba: ka nemi GPU samfurin H100 guda sittin da huɗu a haɗe, a ce maka babu a wannan yanki. A ƙarshen 2023 Amazon ta fito da tsarin Capacity Blocks, inda mai buƙata zai zaɓi rana tun makonni kafin lokaci, ya faɗi injuna nawa yake so da kwana nawa, ya biya gaba ɗaya tun kafin a kunna. In ranar ta zo manhajarsa ba ta shirya ba, kuɗinsa ya tafi, in kuma kwanakin suka cika aiki bai ƙare ba, a kashe injunan a miƙa wa na bayansa.